Madugun Asabar da Dokar Asali

Wanda ya bi ta bayan tashar motocin arewa a Tawa ranar Asabar bayan la'asar zai tarar da taro biyu a inuwar itacen bedi guda. Na farko 'yan belot ne, mutum huɗu da kartarsu da hayaniyarsu. Na biyu suna kan tabarma, ba karta, ba dara, sai takardar buhun siminti da aka zana wa duwatsu da rijiyoyi, da wata jar ƙwaya mai fuska ashirin, 'yar'uwar ƙwayar ludo amma ta fi ta iyayi. Mai ƙwayar shi ne Issouf, wanda abokan wasansa suke kira Madugu.

Issouf mutumin Bambeye ne, ya ɗan haura arba'in. Da ya yi ƙarfi sai ya bi sawun ubansa da kawunnansa, ya tafi biɗa Abijan, inda ya yi shekaru yana tallar tabarau da agogo a kan katako. Wata rana ruwan sama ya kora shi ƙarƙashin wata baranda kusa da jami'a. Ya tarar da ɗalibai zaune, ɗaya yana ba da labari, sauran suna amsawa kamar su ne mutanen cikin labarin. In wani ya ce zai tsallake rami, sai ya jefa ƙwaya. Ta ba da lamba babba, ya tsallake. Ta ba da ƙarama, ya faɗa. Ruwa ya ɗauke, Issouf bai tashi ba. Da suka ga ya mai da barandar wurin zamansa sai suka ba shi mutum guda a cikin labarin, wani mai tsaron ƙofa, wanda aka kashe kafin kofin Issouf ya huce. Duk da haka ya koma, ya yi ta komawa, har ya iya riƙe labarin da kansa.

Da tsufa ya kama mahaifinsa sai ya dawo gida, ya buɗe 'yar rumfar gyaran waya a Tawa. Da damina yakan rufe ta ya tafi Bambeye noman hatsi, wasa ma ya tafi hutu. Farkon da ya shimfiɗa tabarmarsa mutane sun ɗauka caca ce, har wani dattijo na masallacin unguwa ya zo ya zauna ya sa ido tun daga shayin fari har na uku. Da ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Wagga ba caca ba ce. Tatsuniya ce da rana tsaka, ga ku da gemu. Allah shi shirya ku." Daga nan ba wanda ya sake tanka musu.

'Yan wasansa uku ne. Akwai Rissa, Buzu mutumin wajen Tebaram, dillalin awaki da raƙuma a kasuwar Lahadi, shi ne kuma mai dafa shayi. Akwai Ciɗo mai kabu-kabu da babur, wanda ya yi kokawa a ƙuruciya amma sunansa bai wuce unguwarsu ba. Sai Mushe Dauda, yadda ake kiran malamin lekol, wato makarantar boko, wanda iyayensa suka zo daga Maraɗi; Lahadi da safe yana coci, Rissa yana kasuwa, shi ya sa aka tsai da Asabar. Labarin da Issouf yake ba su na wani ayari ne da ya ɓata hanya a cikin hamada, yana neman garin da rairayi ya binne.

Matsalar da ta taso ita ce mutanen da suke wasa da su ba su da ko suna. Ciɗo yakan ce, "Ba ni mai ƙarfi." Rissa ya ce, "Ba ni mai takobi." In mai ƙarfin ya faɗa rami ya mutu, Ciɗo ya ɗaga kafaɗa ya ce a ba shi wani. Wanda bai damu da mutuwar mutuminsa ba kuwa, ba abin da zai dawo da shi mako mai zuwa. Sannu a hankali Ciɗo ya fara zamewa wajen 'yan belot duk ranar da suka rasa na huɗu. Rissa ya fara cewa yana da awakin dubawa. Wata Asabar Mushe Dauda kaɗai ya zo, su biyu suka zauna suna kallon taswira kamar masu jiran mota. Belot na bukatar mutum huɗu, wasan Issouf na bukatar aƙalla uku ban da shi, kuma inuwar guda ce. Ya ga in bai yi wani abu ba, tabarmarsa za ta koma ta salla kawai.

Ya kai kukansa gida. Matarsa Zalika tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baban Aminata, kai ka taɓa zuwa gaisuwar mutumin da ba ka san uwatai ba, ba ka san garinsu ba? Mutanenku ba su da asali. Wa ka kuka don su?"

Asabar ta gaba ya bi su ɗaya ɗaya ya tattaro su, ya kafa doka. Duk wanda ya rubuto asalin mutuminsa, wato sunansa, garinsu, wa ya haife shi, me ya raba shi da gida, za a ba shi dabino guda. Dabinon ba na ci ba ne. Ranar da ƙwaya ta ba ka lamba mummuna, sai ka miƙa dabinonka ka sake jifa.

Mushe Dauda ya zo da shafi biyu da Faransanci, an ja layi ƙarƙashin kanun magana da jan bik, wato biro. Mutuminsa mai magani ne da aka kora daga garinsu don ya warkar da jakin da sarki ya rantse ba zai tashi ba. Ciɗo ya rubuto nasa da ajami a bayan kwalin sukari: Gagarau, ɗan kokawar da ya ka da duk mazan ƙauyensu, ya rasa abokin karawa, ya shiga duniya. Rissa kuwa ya kawo nasa da tifinar, rubutun mutanensu na ɗigo da da'ira, wanda ba mai iya karantawa a tabarmar sai shi. Sunan mutuminsa Agali, tsohon jagoran ayari mai gane hanya da ƙamshin ƙasa. Da yake shi ne mai karantawa, labarin Agali yakan ƙaru duk mako, takardar kuwa ba ta ƙaru ba.

"Rissa, makon jiya raƙumatai ba su kai haka ba," in ji Mushe Dauda.

"Sun haihu, Mushe."

Ciɗo ya cinye dabinonsa tun kafin a fara wasa. Da ƙwaya ta ka da shi sai ya tofo ƙwallon a tafin hannu ya miƙa wa Issouf. Aka yi gardama, aka yanke cewa ƙwallon ma ya wadatar. Tun daga ranar ladan ya koma ƙwallon dabino, naman kuwa rabon baki.

Dokar ta yi aiki. Ciɗo ya daina tura Gagarau cikin kowane rami, yana cewa uwar yaron na jiransa a gida. Ganin haka Issouf ya ƙara wata. A Abijan ya ga ana ba da lada ga wanda ya haɗa labarinsa da na wani ɗan wasa, don ayari ya zama tsintsiya ɗaya. Ya ce duk mutum biyun da suka ƙulla dangantaka a asalinsu, kowa zai samu ƙarin ƙwallo, kuma gwargwadon ƙarfin dangantakar gwargwadon ladan. Ɗaliban Abijan sukan ce sun yi yaƙi tare, ko sun tashi gida ɗaya. Shi ma abin da ya zata ke nan.

Ciɗo da Rissa suka keɓe gefe suka yi ƙus-ƙus, suka dawo suna murmushi. A ganinsu ba dangantakar da ta fi aure ƙarfi. Gagarau ya auri ɗiyar Agali, wata bazawara mai garken kanta. Rissa ya ce an rubuta a takardarsa cewa ita ta zaɓe shi da kanta, "don idonta bai gani sosai." Issouf ya ƙirga musu ƙwallaye yana jin daɗi, bai tsaya ya tuna abin da aure yake jawowa a ƙasarsu ta Adar ba.

Agali ya zama surukin Gagarau. Da aka fara wasa, Issouf ya ce ayari ya sauka, an hura wuta, an kawo tuwo. Sai Ciɗo ya ce, "Gagarau ya ɗauki akushinai ya koma bayan raƙuma."

"Don mi?"

"Madugu, kai kana cin abinci gaban surukinka?"

Rissa kuwa, a nan kan tabarma, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe hanci, ya juya wa Ciɗo kafaɗa. Daga ranar, in Gagarau ya shigo fage Rissa ya ja amawali, in ya fita ya sauke ya kurɓi shayi. Gagarau ba ya kiran sunan Agali, sai dai ya ce "tsoho" ko "mutanen gaba". In suna da magana sai su bi ta wajen mai magani, Mushe Dauda ya zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da gwiwoyinsu ke gugar juna. Dole Issouf ya riƙa hura wuta biyu a kowane zango. Wasa ya yi nauyin tafiya, amma ba wanda ya sake fashi, har 'yan belot sukan juyo su ga abin da ake wa dariya. Babbansu, Souleyman, Bazabarme mai sayar da taya, yakan jefo wa Rissa magana irin ta wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Buzaye: "Kai, mai rawani, ko a tatsuniya ma ɓoye baki kake?"

Ana haka ayari ya iso wata rijiya a gindin tudu. Mushe Dauda ya ce mai magani zai haura bayan tudun neman saiwoyi, ya yi nisa. Agali ya tsaya bakin rijiya yana jan guga, ya ba daji baya. Issouf ya sa Ciɗo ya jefa ƙwaya don a ga ko Gagarau ya lura da wani abu. Ta ba da lamba babba.

"Gagarau, ka hangi kura," in ji Issouf, ya rage murya. "Girmanta kamar na ɗan maraƙi. Tana saɗaɗowa bayan Agali, shi bai gan ta ba. Mi kake yi?"

Ciɗo ya shafa ƙeya. "Na yi gyaran murya."

"Gyaran murya?"

"Mai ƙarhi."

Aka jefa ƙwaya, ta nuna Agali ya ji. Issouf ya juya ga Rissa da sauƙin zuciya. Rissa ya ja amawali har ƙarƙashin ido ya ce, "Agali ya ji tarin mijin ɗiyatai. Ya ƙara duƙawa bisa rijiya, don kar yaron shi ji kunya."

Mushe Dauda ya kwanta da dariya. Issouf ya ce, "Ciɗo, ka ƙwala mishi kira! Wasa ne!"

"In kira sunan surukina? A daji anka haihe ni?"

Ciɗo ya gwada dabara. Ya ce Gagarau zai juya ga raƙumin da ke kusa ya yi masa magana da ƙarfi: "Kai raƙumi, in da ni ne mutanen gaba, da na waiwaya." Ƙwaya ta ba da ƙarama, iska ta kwashe maganar. Ya miƙa ƙwallo ya sake jifa, wannan karon ta isa kunnen Agali. Rissa ya girgiza kai ya ce dattijo ba ya sauraren hirar surukinsa da raƙumi, wannan tsakaninsu ne.

"To ka tare kurar da kanka!" in ji Issouf, gumi na karyo masa. "Ba kai ne Gagarau ba?"

"Ɗan kokawa sai ya tuɓe riga ya ɗaura walki. In tuɓe gaban tsoho?"

"Ka kama ta da rigarka!"

"Ba a rubuta haka ga asalinai ba, Madugu. Duba kwalin."

Issouf yana da hali guda da duk wanda ya zauna tabarmarsa ya sani: ba ya yi wa ƙwaya ƙarya. Ya jefa wa kura, ta samu lamba babba. Rissa ya jefa wa Agali, ya samu ƙarama. Ya zube ƙwallayensa duka, wanda ya samu don asali da wanda ya samu don aure, ƙwaya ta ƙi shi. Kura ta cafki tsohon ta ja shi cikin raminta a gindin tudu, rawaninsa ya warware ya maƙale a ƙaya. Ko yana da rai ko babu, Issouf bai faɗa ba, don a daidai nan aka kira magariba.

Rissa ya miƙe bai zuba shayi na uku ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa takalmansa ya tafi masallaci, bai dawo ta wajen bedin ba. Ciɗo ya tada babur ɗinsa, ya ce, "Kai kak kawo wagga doka, Madugu." Mushe Dauda ya taya Issouf naɗe taswira, dariyarsa ta ƙare, ya ce, "Da wancan mai takobin ne da bai damu ba. Wanga kuwa Agali ne."

Makon ya yi wa Issouf tsawo. Ya kira wayar Rissa, aka ce ba ta shiga; wani ya ce ya gan shi ya hau motar Tebaram. Ciɗo ya wuce gaban rumfa da fasinja, ya ɗaga hannu bai tsaya ba. Issouf yana zaune da wayar wani a buɗe a gabansa, sai ya tsinci kansa yana tsara yadda zai gyara ɓarnar. Zai soke dokar dangantaka. Zai ce ɗiyar Agali ta aiko a raba auren, kowa ya koma yadda yake. Ya faɗa wa Zalika, ta dube shi ta ce, "Kai da kanka za ka kashe auren mutane, ba su kawo maka ƙara ba?" Amma bai sake shawara ba. Gara auren takarda ya mutu da wasan ya mutu.

Ranar Asabar ya rufe rumfa, ya ɗauki tabarma da taswira, yana tafe yana shirya abin da zai ce in ya tarar da Mushe Dauda shi kaɗai. Da ya karyo kwanar tasha sai ya hangi hayaƙin gawayi. Rissa ya riga ya ɗora shayi. Ciɗo na zaune, Mushe Dauda na zaune, ga kuma Souleyman mai taya a tsakiyarsu a ƙasa, riƙe da yagaggen kwalin batir.

Issouf ya shimfiɗa tabarma ya fara jawabinsa. Bai kai ga kalmar saki ba Ciɗo ya tare shi.

"Saki? Mi tay yi min? Madugu, kar ka shiga gidana."

"Ɗiyata ba ta zawarci sau biyu," in ji Rissa. Sannan ya yi bayani. Ya kwana biyu yana fushi, a kan hanyar Tebaram kuma ya zauna ya yi tunani. In ma Agali na da rai, yana cikin rami ba rawani, kansa a buɗe. Gagarau ba zai iya shiga ya gan shi haka ba, Agali ma gara kura ta cinye shi da mijin ɗiyarsa ya gan shi. Mai magani kuwa ba ya iya ɗaga ko tunkiya. Abin da ayari ya rasa shi ne mutumin da ba kunya tsakaninsa da tsohon, wanda zai kira sunansa gatsal, ya ja shi ta ƙafa in ta kama. Wato taubashi.

"Na duba Tawa duka," in ji Rissa, "ban ga marar kunya kamar wanga ba."

Souleyman ya gyara zama ya karanta kwalinsa. Mutuminsa ɗan gwaggon Agali ne, mai gyaran guga, wanda tun suna yara yake bin Agali da tsiya, kuma ya biyo ayarin ne don ya ji an ce tsohon ya fara ɓata hanya, yana so ya gani da idonsa. Rubutun bai fi layi biyar ba, sauran ya ƙara da baki. Ya miƙa hannu. "An ce ana ba da dabino."

Issouf ya ba shi na asali, ya ba shi na dangantaka. Ya buɗe taswira, ya danne gefenta da dutse, ya ce ga su a bakin ramin kura, rana ta karkata, ba a jin motsin komai a ciki. Ya dubi Souleyman. "Mi kake yi?"

Souleyman ya kafa hannu biyu a baki ya ƙwala kira har masu shayin tasha suka waiwayo: "Agali! Agali mai kan ƙwarya! In kura ta ƙi ka don ɗaci, ka yi tari in ji!"

"Madugu," in ji Rissa, ya sauke amawali, "ba ni ƙwayar. Ko Agali ya mutu sai ya tashi ya rama."

Daga can gefen inuwa 'yan belot su uku suka ɗago karta. "Souleyman! Ka zo a raba, mun gaji da jira!"

"Ku nemi wani," ya ce, bai ko juya ba. "Ina cikin rami."